Fita yini da iyali zuwa tsauni a tsakiyar zafi: yaushe za a tashi, ruwa nawa za a ɗauka?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar hawan dutse. Iyali ne na mutum shida: manya biyu, yara uku masu shekara 4, 8 da 12, sai kaka mai shekara 65 da take shan maganin hawan jini. Daga gida zuwa gindin tsaunin awa biyu ne a mota, daga nan titi ya miƙe sama da kwana-kwana na kamar rabin awa har wurin ajiye motoci. Sannan akwai hanyar ƙafa mai kilomita 3 zuwa inda ake tsayawa a yi kallo. A ƙasa zafin rana yana kaiwa digiri 38. Muna so mu je mu dawo a yini ɗaya. Yaushe ya kamata a tashi, ruwa nawa za a ɗauka, kuma me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Maman Hanif. Kafin a ce komai ki samo mana lamba biyu: tsayin wurin ajiye motocin daga matakin teku, da kuma mita nawa hanyar ƙafar take hawa daga farkonta zuwa ƙarshenta. Kilomita 3 kaɗai ba ta gaya mana komai ba. Kilomita 3 a shimfiɗe yawo ne, kilomita 3 da hawan mita 600 kuma aiki ne na gaske.

Maman Hanif:
Na duba taswira, Malam. Garinmu yana kan mita 300, wurin ajiye motoci mita 1,500, wurin kallon kuma mita 1,800.

Malam Habu:
Madalla, yanzu lissafi zai yiwu. A matsakaici, duk hawan mita 1,000 zafin iska yana sauka da kamar digiri 6.5. Tsakanin garinku da wurin ajiye motoci akwai mita 1,200, wato ragin kusan digiri 8. In ƙasa tana 38, can za ku tarar da kamar 30, a wurin kallon kuma 28. Da sauƙi, amma ba sanyi ba ne, kuma wannan awon na inuwa ne. A kan falalen dutse da rana take duka tun safe, abin da jiki zai ji ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abin da yake yaudarar mutane shi ne iskar da ke kaɗawa a sama. Tana busar da gumi nan take, sai mutum ya ga rigarsa a bushe ya ɗauka ba ya zufa, alhali ruwan jikinsa yana ta tafiya. Ga shi kuma ƙarfin hasken rana mai ƙona fata, wanda ake kira UV, ƙaruwa yake yi da kamar kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000. Wato zafi ya ragu, ƙuna ta ƙaru.

Batun lokaci kuwa, akwai tsohon lissafin da wani mai hawan dutse ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, har yau da shi ake aiki: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Taku tafiyar kilomita 6 ce zuwa da dawowa, minti 72 ke nan, sai hawan mita 300, minti 30. Jimilla awa ɗaya da minti arba'in da 'yan kai. Amma wannan na babban mutum ne mai lafiya wanda ba ya tsayawa. Da yaro ɗan shekara 4 ki ninka shi biyu, ki ƙara rabin awa na zama a sama. Awa huɗu ke nan. In kuna so ku dawo mota kafin 11, to ƙarfe 7 ku fara taka ƙafa, wanda ke nufin barin gida wajen 4:30 na asuba.

Baban Zara:
Malam Habu, ni fa wannan sammakon bai kwanta mini ba. A tayar da yara uku da tsohuwa ƙarfe 4 na dare, a yi musu shiri, direba kuma bai yi barci ya ishe shi ba? Ai haɗarin gyangyaɗi a kan hanya ya fi na rana. Me zai hana su tashi da hantsi a tsanake, su isa su huta a inuwa, su fara hawa ƙarfe 4 na yamma lokacin da rana ta karya? Ga faɗuwar rana za su gani daga sama.

Malam Habu:
Maganar barcin direba gaskiya ce, Baban Zara, kuma maganinta kwanciya da wuri da loda mota tun daren. Amma hawan yamma yana da matsala uku. Ta farko, zafin yini ba da tsakar rana yake kai maƙura ba, tsakanin 2 da 4 ne, saboda ƙasa da duwatsu sun gama shan rana suna mayar da ita. Wanda ya fara hawa ƙarfe 4 a kan dutsen da ya yini yana gasuwa zai taka. Ta biyu, tashi da hantsi yana nufin motar za ta hau tsaunin da tsakar rana, cikin zafi. Ta uku ita ce babba: awa huɗu daga ƙarfe 4 ƙarfe 8 ne. Ko da a wuraren da rana take daɗewa ba ta faɗi ba, babu sauran rarar lokaci. Yaro ya gurɗe ƙafa ko a ɓata hanya na rabin awa, sai saukowa cikin duhu, a kuma gangaro da mota a kwana-kwana da dare. Wanda ya yi sammako, in abu ya ɓaci yana da yini guda a gabansa na gyarawa.

Malama Zulai:
In ƙara ta huɗu. A tsaunuka da yawa hadari da rana yake haɗuwa a lokacin zafi. Safiya garau, rana ta dumama gangaren, iska mai ɗumi ta tashi sama, kafin azahar ka ga farin gajimare yana tsayi yana taruwa a kan ƙololuwa. In ƙasansa ya fara duhu, kansa kuma ya baje, to a sauka, ba sai an ji tsawa ba. In an ga walƙiya a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji ƙara: duk daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30 yana nufin tana cikin kilomita 10, kuma daga wannan nisan tana iya kaiwa gare ku. A bar ƙololuwa da doron tsauni, kada a fake ƙarƙashin bishiyar da take tsaye ita kaɗai, kada a raɓe a bakin kogo. Mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe ita ce mafaka. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe kafin a sake fita. A duba hasashen yanayi na tsaunin kansa a daren tafiya, ba na garin da ke ƙasa ba, don sau da yawa ba su zo ɗaya.

Baban Zara:
To na ji, hadarin nan ya kashe bakina. Amma ina nan kan cewa in 4:30 ba za ta yiwu ba, gara a rage hanyar ƙafar da a matsa wa direba.

Malam Habu:
Wannan kam mun yarda. Shi ya sa ake yanke lokacin juyowa tun a gida. A ce ƙarfe 9:30, ko an kai ko ba a kai ba, a juyo. A gaya wa yara tun a mota don kada ya zama rigima a kan hanya.

Anti Rabi:
Maman Hanif, bari in ɗauki ɓangaren ruwa da lafiya. Babban mutum da yake tafiya a zafi yana buƙatar rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. A awa huɗu ki lissafa lita 3 ga kowane babba, lita 2 ga mai shekara 12, lita ɗaya da rabi ga mai 8, lita ɗaya ga ƙaramin. Ban da na kaka, lita 10 da rabi ke nan, kuma kowace lita kilo ɗaya ce, don haka a raba kayan. Jakar yaro kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinsa: mai kilo 25 ya ɗauki kilo 3, ba fiye ba. A mota kuma a bar wata lita 10 ta daban wadda ba ta shiga wannan lissafin, ta dawowa ce da ta ko-ta-kwana.

Yadda ake sha ya fi yawan muhimmanci. Kurɓi kaɗan-kaɗan duk minti 15 zuwa 20, ba a jira ƙishirwa ba. Yaro in wasa ya ɗauke masa hankali ba zai ce yana jin ƙishi ba, sai dai ki ga ya yi shiru ko ya fara rigimar da ba dalili. Kowane yaro da gorarsa, wadda ake ganin cikinta, don ki san nawa ya sha. Fitsari shi ne ma'auni: in fari-fari ne lafiya, in ya yi ja ko yaro ya yi awa huɗu zuwa shida bai yi ba, ruwa ya yi ƙaranci. Kuma doka ɗaya da ba a karya ta: in rabin ruwan ya ƙare, a juyo, ko da wurin kallon yana nan gabanku kuna hangensa.

Usman Makanike:
Anti, ba a ce a riƙa zuba gishiri a ruwan ba? Na ga masu aikin ƙarfi suna yi.

Anti Rabi:
Ba a duk ruwan ba, Usman. Gumi yana fita da gishiri, gaskiya ne, amma a tafiyar awa huɗu abin taɓawa mai ɗan gishiri da za a ci a hanya ya isa ya mayar. Abin da za a riƙe shi ne ƙullin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, biyu ko uku a jaka, na wanda ya galabaita, ko ya yi amai, ko tsokar ƙafarsa ta ɗaure. Ƙulli ɗaya a adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, yawanci lita ɗaya. In babu, a haɗa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, yana cutar da yara. Can ɗaya gefen kuma, ɗura ruwa zalla fiye da kima shi ma cuta ne, yana tsinka gishirin jini har mutum ya rikice. Babba kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa ɗaya.

Yanzu abin da nake so kowa a motar ya haddace, har mai shekara 12. Galabaitar zafi mataki biyu ce. Na farko: gumi sosai, jiri, ciwon kai, tashin zuciya, kasala, fata ta yi sanyi da danshi, amma mutum yana cikin hankalinsa. Wannan a kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafi, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Tafiya ta ƙare gare shi a ranar. In minti 30 ta wuce bai warware ba, asibiti. Mataki na biyu shi ne mai kisa: zafin jiki ya kai digiri 40, mutum ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai gane mutane ba, ko ya suma, ko jijjiga. Kada a ce ai yana gumi don haka da sauƙi, wanda zafi ya buge a wajen motsa jiki sau da yawa yana nan jiƙe da gumi. Rikicewar hankali ita ce alamar. A kira agajin gaggawa, kuma a fara sanyaya shi a nan take ba tare da jiran kowa ba: a kwarara masa duk ruwan da ake da shi, a yi fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a wuya, hammata da matsematsi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol kuma ba ya aiki a nan, don ba zazzaɓi ba ne.

Maman Hanif:
Allah ya saka da alheri, Anti. Kaka fa? Ita ce ta fi kowa ɗokin tafiyar.

Anti Rabi:
Ta je, amma ba sai ta kai wurin kallon ba. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, wasu suna hana bugun zuciya tashi yadda zafi yake buƙata, ga shi tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa da wuri ba. A tambayi likitanta kafin ranar, kuma kada ta daina shan maganin da kanta don za a yi tafiya. Tsayin mita 1,800 ba abin tsoro ba ne, ciwon tsayi, wanda ƙarancin iskar shaƙa a sama yake jawowa, yawanci daga mita 2,500 yake farawa, sai dai za ta ji numfashi yana ɗan gajarta a hawa. Abin da ya fi dacewa: kowa ya taka kilomita ta farko tare, daga nan babba ɗaya ya dawo inuwa da kaka da ƙaramin, ɗayan ya ci gaba da manyan yaran biyu. A tafi da kujera mai naɗewa da tabarma. Kada a ce ta jira a mota. Motar da aka rufe a rana cikinta yana ƙaruwa da kusan digiri 11 a minti 10, sauke gilashi kaɗan kuma ba ya hana komai. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. Ko na minti ɗaya kada a bar shi ciki, ko da barci yake.

Usman Makanike:
Tunda an zo kan mota, ga nawa. Hawan tsauni da mutum shida da kaya a zafi shi ne jarrabawar da take tona asirin duk abin da aka yi ta ɗagawa. Kwana biyu kafin tafiya, ba ranar ba, a duba waɗannan da inji a sanyaye: ruwan lagireto ya kai alama, robobinsa ba su kumbura ko tsage ba, murfin lagireto yana riƙe iska, fanka tana tashi in inji ya yi zafi, bel bai saki ba, baƙin mai ya cika. Murfin nan mutane suna raina shi, alhali shi yake matse ruwan har ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri, kuma a sama abin ya fi muni, don duk hawan mita 300 ruwa yana tafasa da ragin kamar digiri ɗaya.

Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk mita 1,000 saboda iska ta yi shara-shara. In kun ji motar ta yi nauyi a sama ba lalacewa ta yi ba. A sauko giya ta biyu ko ta uku, a bar injin ya juya da kyau. Danne totur a babbar giya yana ƙara zafi ne kawai. Ido a kan allurar zafi. Ta fara wuce tsakiya, a kashe esi. Ta ci gaba da hawa, a kunna hita har ƙarshe a sauke gilasai, don hitar tana janye zafi daga injin. Ta doshi ja, a nemi wuri mai faɗi a tsaya. In ba tururi kuma fanka tana aiki, a bar injin yana juyawa a hankali na 'yan mintoci. In akwai tururi ko ruwa yana zuba, a kashe. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, da tsumma mai kauri, a hankali. Ruwan da yake ciki ya fi tafasasshe zafi, feshi yake yi a fuska.

Taya kuma da safe ake auna iskarta tana sanyi, a bi lambar cikakken lodi da ke jikin ƙofar direba. In ta yi zafi a hanya awon zai hau, kada a sace iskar. A duba safaya da jak.

Baba Sale Direba:
Usman ya yi bayanin hawa, amma ni saukowa ce take hana ni barci. Mota in ta yi zafi a hawa tsayawa take yi. In birki ya ƙone a gangara ba ta tsayawa. Dokar tsofaffin direbobi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Mai otomatik ya sa a L ko 2, ko ya sauke giyar da hannu in motar tana da wannan. Injin ne zai riƙe motar, birki taimako ne. A taka shi da ɗan ƙarfi kafin kwana, gudu ya ragu, a ɗaga ƙafa ya sha iska. Wanda ya ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa shi ne yake jin ƙauri, daga nan feda ta yi laushi ta nutse.

Kuma don Allah, ɗana, duk mai tuƙin, kada ya sa firi wai yana tattalin mai. Kada kuma ya kashe inji a gangara, birki da sitiyari duk za su yi tauri.

Usman Makanike:
Baba kun faɗi gaskiya. Dalilin nutsewar fedar ma shi ne man birki yana tsotsar danshi da daɗewa. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai wajen digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya saukowa zuwa 155. Ya tafasa, kumfa ta shiga layi, ka taka babu komai. In ya fi shekara biyu ba a canza ba, a canza kafin tafiyar. An ji ƙauri a hanya, a tsaya a wuri mai faɗi kamar rabin awa, kada a watsa wa farantin birki ruwa, lanƙwashewa yake yi. Wani abu kuma: kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa mai tsayi, zafin salansa yana tayar da gobara.

Baba Sale Direba:
Sai kwana-kwanan nan da amai. Yaron da mota take juya wa ciki a zaunar da shi inda yake hangen gaba, a karɓe waya daga hannunsa, a ba shi abu mara maiƙo kafin a tashi, leda da tsumma a kusa. Kunne zai toshe a hawa da sauka, haɗiyar yawu ko kurɓar ruwa tana buɗe shi. A ƙunƙuntar hanya mai saukowa ne yake kaucewa mai hawa. A cika tanki tun a ƙasa.

Malama Zulai:
Sutura. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, mai haske, ta fi singileti kare jiki. Hula mai faɗin baki da take rufe kunne da ƙeya, ba hana-sallah ba. Man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama, a shafa minti 20 kafin a fita, a sake duk awa biyu. Masu duhun fata ma suna ƙonewa a tsauni, musamman hanci, leɓe da bayan wuya. Takalmi rufaffe mai ƙasa mai kama dutse, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake kawowa, silifas kuma a kan tsakuwar gangara zamewa ne. Yaro ya ce wani wuri yana masa zafi a ƙafa, a tsaya a manna filasta tun bai tashi ba. Kuma a guji auduga, tana riƙe gumi.

Baban Zara:
A nan zan saɓa miki, Malama. Gudun auduga dokar masu hawa cikin sanyi ce. A busasshen zafi riƙe danshin nan shi ne amfaninta, jiƙaƙƙiyar riga tana sanyaya jiki yayin da take bushewa. Safa ce kaɗai ban yarda a yi ta auduga ba.

Malama Zulai:
A hawa ka yi gaskiya. Amma in an kai sama an zauna, ga iska, ga riga jiƙe, yaro ƙarami sai ya fara rawar ɗari, balle in ruwa ya sauko. To mu raba: a sa audugar, amma kowane yaro da busasshiyar riga ɗaya da 'yar rigar ruwa mara nauyi a jaka.

Anti Rabi:
Abinci kuma a kula da agogo. Dafaffen abu, ko mai nama, ƙwai ko madara, ba ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. A daskarar da gorunan ruwa tun dare, kada a cika su fal don kada su fashe, a jera su a kula tare da abincin. Sun zama ƙanƙara da safe, ruwan sanyi da rana. Kular ta zauna cikin mota inda esi yake kaiwa, ba a but ba. Abin da za a hau da shi ya zama busasshe da 'ya'yan itace masu ɓawo. Ruwan rafi komai kyansa a ido ba a sha sai an tace ko an tafasa minti ɗaya, don ba a san abin da ke samansa ba.

Malam Habu:
Tunda Anti ta ambaci rafi: a nan yara suka fi jin ciwo, ba a ƙololuwa ba. Dutsen bakin ruwa mai gansakuka santsi ne da shi kamar sabulu, kuma saman magangarar ruwa ba wurin ɗaukar hoto ba ne. Tafkin tsauni yana iya zama ƙasa da digiri 15 ko a tsakiyar zafi. Wanda ya faɗa ciki da jiki mai zafi numfashinsa yana fizgewa ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, ko da ya iya iyo. A shiga da ƙafa a hankali, inda ake ganin ƙasa. Kada kuma a shimfiɗa tabarma a busasshen kwari don yana da inuwa. Ruwan da aka yi can sama inda ba ku gani yana iya gangarowa cikin mintoci, kuma ruwa mai gudu da zurfinsa bai fi santimita 15 ba yana kayar da babban mutum.

Tsarin tafiya: babba ɗaya gaba, ɗaya baya, mafi rauni shi yake yanke sauri. Bayan kun rabu kuwa, babban da ya ci gaba ya sa yaran biyu a gabansa inda idonsa yake kansu. Kowane yaro da usur a wuya, a koya masa in ya daina ganin kowa ya tsaya cak inda yake, ya busa sau uku, ya saurara, ya sake. Yaron da ya tsaya ana samunsa da wuri, mai yawon neman hanya shi ne yake nisa. Kada a cusa hannu a ramin dutse ko ƙarƙashinsa. In maciji ya yi sara, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure da igiya: a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. An dawo gida a duba jikin yara saboda kaska, bayan kunne, hammata da bayan gwiwa.

Maman Hanif:
Na rubuta duka. Tambaya ta ƙarshe: in babu sabis a can fa? Tunda za mu rabu gida biyu, ta yaya za mu san halin juna?

Malam Habu:
Ku ɗauka babu, in an samu riba ce. Tun a gida a sauke taswirar wurin a wayoyi biyu yadda za ta buɗe ba intanet, GPS yana aiki ko ba sabis. Inda sabis yake da rauni waya tana cinye caji wajen nemansa, don haka a sa ta a yanayin jirgi, a riƙe fawa bank, a kuma ɓoye ta daga rana don zafi yana kashe ta. Tes yakan fita inda kira ya ƙi shiga. Kafin ku rabu ku daidaita agogo ku yanke magana: masu hawa za su dawo 11, in 12 ta yi ba su iso ba, na ƙasa ya nemi ma'aikatan wurin ko ya gangara da mota inda sabis yake ya kira agaji. Kada ya bar kaka da yaro ya bi sawunsu. Makullin mota ya zauna a hannun wanda ya tsaya a ƙasa, don haka a zaɓi wanda ya iya tuƙi. Kowane ɓangare da nasa ruwan da nasa kayan taimakon farko, masu hawa kuma su tafi da tocila ko da rana ce. Sannan a bar wa wani da bai bi ku ba sunan hanyar, lambar motar, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku.

Baba Sale Direba:
Ku ci abinci a inuwa bayan an sauko, direba ya runtsa ko na minti 20 ne kafin ya kama sitiyari, tunda tun 4 yake a tsaye. Kafin a sa yara a mota a buɗe ƙofofi duka zafin ya fita, a taɓa ƙarfen bel da kujerar ƙaramin da bayan hannu, suna ƙona fata. An tashi, a gwada birki sau biyu tun a filin ajiye motoci, a sa giya ta biyu kafin kwanar farko.